Yarinyar da ke Jikin Motar Sabulu

Ni fa ba ni na kai kaina ba. Ina zaman zamana, ina ƴar kabu-kabuna tsakanin tasha da bakin duwan, wurin ƴan kwastan, anka jawo ni cikin rigimar tsofaffi, rigimar da ta girme ni, ta girmi uwar da ta haife ni. Laifina guda ne. Da ƙaramar salla na haɗa hotona a salula: ga ni bisa babur, ga zaki kwance gabana, ga jirgin sama bisa kaina, ga wani dogon bene a baya wanda ko ƙofarshi ban taɓa gani ba. Innata ta gani, daɗi ya kashe ta, ta ɗauka ta kai ma babanta. Shi ke nan. Ni da mushe, malaminmu, ya gaji da bakina ya sallame ni daga lakwal, makarantar boko, tun ban gama sanin hannun dama da na hagu ba, sai ga ni na zama injiniyan hoto na zuri'a guda.

Baban innar tawa, wato kakana, shi ne mai rigimar. Tsoho nike ce mishi, shi kuma shi ce mini ja'iri, haka muke tun ina rarrafe. Matarshi kuwa, kakata, amarya nike ce mata, ita ta ce mini maigida, kullum tana ƙorafin ta auri mijin da ba ya cefane.

Tsoho shina da fada gindin wani bedi, iccen dogon yaro, kusa da tasha, inda suke shan shayi shi da sauran waɗanda aiki ya sallama. Kuma tun da na san shi labarinshi guda ne, motar majigi. Wai zamanin samartakarshi wani attajiri mai sabulu ya ba shi mota da inji da lasifika da farin ƙyalle, shina bin kasuwanni daga Konni zuwa Malbaza har Illela. Da rana shi yi ta shela. In an sallame magariba shi ɗaure ƙyalle jikin bango shi haska fim, na Indiya ko na ƴan Sin masu tsalle-tsalle. Ana tsakiyar faɗa, an shaƙe jarumi, sai shi kashe inji shi ɗaga sabulu sama. Sai an saya za a ga yadda ta ƙare. Sabulu mai tambarin zabuwa.

Har nan ba mai musu sosai. Inda ake samun matsala, jikin motar akwai wani farantin kwano mai hoton yarinya riƙe da sabulu tana murmushi, kuma tsoho ya rantse yarinyar nan kakata ce.

A fadar akwai wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya ƙare ƙarfinshi shina jigilar siminti daga Malbaza. Ba ya ƙyale magana ta wuce. Shi ne wata rana ya ajiye kofin shayi ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Na ga motar nan da idona a Malbaza ina yaron mota. Mun tsaya gaban hoton nan har rana ta gasa mu. Yarinyar nan irin ta Ikko ce ko Abijan. Ina kai ina ita?"

Anka yi dariya. Daga ranar sunka sa ma tsoho suna Rediyo. Shi kuwa ya naɗe buzunshi ya ce ba zai ƙara zama gindin bedin nan ba sai ya kawo shaida.

To ya dawo gida, mu munka shiga uku. Mutumin da ya saba magana tun hantsi har la'asar anka bar mu da shi. Wa ya gusar da buta, wa ya bar akuya ta ci dussa sau biyu, don mi yara ke dariya. Kuma ya rame, wannan kam na gani. Shi zauna zaure shina kallon hanyar tasha, in ya hango ɗan fadarsu tafe shi yi kamar shina gyaran carbi. Innata ta tare ni bakin ƙofa ta ce in ban yi mishi abin da shike so ba in nemi wani gidan cin tuwo.

Abin da shike so, in haɗa mishi dukan zamanin nan cikin hoto guda babba, a buga a bash, leda mai faɗi irin ta masu kamfen, a rataya jikin bedi.

Na ce, "Tsoho, ga hanya mai sauƙi. Ka kira amaryata ta faɗa musu da bakinta."

"Matata zan kai tasha a yi ta kallo? Kanka ɗaya?"

"To hotonta fa, ba tashar za shi ba?"

"Hoto daban. Kuma kar ta ji."

Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da ya buɗe sai da na yi atishawa har hawaye. Gara ta riga mu, ta ci rabonta ta bar muna saura. Akwai hotonshi tsaye gaban motar, da wando mai faɗin ƙafa wanda yaro zai iya ɓuya ciki, da gashi tuli guda kamar kwandon kaji. Akwai takardun talla na fim, zanen hannu, wani mai gashin baki shina kokawa da damisa, wata mace tana kuka hawayenta kowane kamar ƙwan zabi. Akwai takardar naɗin sabulu, da ta ganyen shayi, da ta maganin sauro inda anka zana sauron ya fi mutumin girma. Duk na shimfiɗa su a inuwa na ɗauka ɗaya-ɗaya, shina tsaye kaina shina tare mini haske.

Na ce, "Ina yarinyar?"

Babu. Wai farantin na Illela, wurin ƙanwar kakata.

"To a kira ta a waya, jikokinta su ɗauka su turo."

"Ba su iya ba. Tada babur."

Ranar kasuwa ce fa, ranar da ɗan kabu-kabu ke samun abin kai ma uwa. Haka na ɗauki tsoho a baya, babbar riga na kaɗawa kamar tuta, munka kama hanyar Tawa. Ko jandarma bai taɓa takura ni kamar yadda ya yi ba. In na taka shi ce zan kashe shi, in na sassauta shi ce motarshi ta da ko da tayar faci ta fi wannan. Duk garin da munka ratsa sai ya dafa kafaɗata in tsaya, shi nuna mini wani bango. Nan ya ɗaure ƙyalle, nan iska ya kwashe ƙyallen da jarumin da komi. Nan wata tsohuwa ta jefi mugun fim da taɓarya ta huda mishi ciki. Yanzu wurin shagon cajin waya ne. Kafin mu karya Badagishiri mu kama ta Illela bayana ya gama mutuwa.

Ƙanwar kakata ta tarbe mu da fura. Da tsoho ya yi maganar faranti ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Au, ƙyauren kaji?"

Wallahi da shi take rufe akurki. Ga tsatsa, ga kashin kaji, ga ramukan ƙusa. Tsoho ya tsaya kamar an mare shi. Na roƙi ruwa da tsumma na durƙusa ina goge ƙyauren kaji, wani zakara na saran ƙafata. Can sai ga ido ya fito, sai hanci, sai murmushi.

Na ƙara gogewa har ta fito duka. Yarinya ce doguwa, kanta ba kallabi, an yi mata doka ta tashi tsaye, da murjani a wuya, zane ɗaurin ƙirji, kafaɗa a waje. Ga zanen gidansu a kumatu biyu, ga wushirya. Wushiryar nan da nike tsokana kullum, ita ce dai. Ƙanwar ta ce ranar nan gyaɗa suke talla a kasuwa, wani mai hoto da attajirin ya turo ya miƙa ma yayarta sabulu ya ce ta yi dariya. Ladanta sabulun nan na hannunta. Shi kuwa tsoho, sai da ya yi damina da rani shina yawo da hoton kafin shi gane mai shi tana nan Illela.

Tsoho ya ce a ba shi farantin. Ta ce shi kawo mata wani ƙyauren tukuna, muzuru na yawo. Na ɗauka a salula munka juyo.

Wahalar ashe ba a fara ba. Haɗin hoto a salula aikin yatsa ne: ka yanke wannan, ka goge bayan wancan, ka jawo, ka matse, ka ɗora. In an bar ka kai ɗaya, kafin shayi shi nuna ka gama. Ni ba a bar ni ba. Tsoho ya kawo kujera ya manna da tawa, numfashinshi a kunnena, goro na tashi.

"Ƙara mini girma."

"Tsoho, ka fi motar tsawo yanzu."

"To mota ce ta tuƙa ni ko ni na tuƙa ta? Kuma wanga mai gashin baki, mi shike yi bisa kaina? Sauko da shi."

"Shi ne jarumin."

"Jarumin wa? Sai na ga dama shike motsi."

Na sauko da jarumi ƙarƙashin ƙafarshi, shi da damisar. Na sa zabuwa a kusurwa, ya ce ta yi kama da ungulu. Na sa sauro, ya ce ya tsone ma mutumin takardar shayi ido. In wuta ta ɗauke caji ya ƙare, laifina ne. In yatsana ya zame kunnenshi ya tafi, da gangan na yi. Fasinja na kirana a waya, shi ne ke ɗauka shi ce ba ya nan.

Sai munka zo kan yarinyar. Na sa ta tsakiya, na ƙara mata haske, ta cika fuskar salula. Tsoho ya ƙura mata ido. Na zaci daɗi ne. Can ya yi gyaran murya.

"Rufe mata kai."

"Mi?"

"Hajiya ce fa. Ta je Makka. Jikokinta na bin hanyar nan."

"Tsoho, lokacin nan ko Tawa ba ta je ba."

"Ja'iri, rufe."

Na nemo kallabi na ɗora mata, doka ta tafi. Ya duba ya ce kafaɗa. Na yafa mata gyale. Ya ce wuya, murjanin nan na jan ido. Muna haka muna haka sai da na nemo hijabi na zamani har gwiwar hannu na zura mata, ba abin da ya saura sai fuska da sabulu. Na ce mishi yanzu kam ta yi kama da mai tallar hijabi wadda ta tsinci sabulu a hanya. Bai yi dariya ba.

Saura fuskar, duk ƙarcen kaji da tsatsa. Akwai wurin da ake dannawa a aplikasiyon shi gyara tsohon hoto da kanshi. Na danna. Abin nan kuwa bai san ƙasar Adar ba, bai san wanzami ba. Ya ɗauki zanen gidansu kakata shi ma ƙarce ne, ya share shi tas. Ya haɗe wushirya. Ya ƙara mata fari har ta koma kamar wadda ba ta taɓa ganin rana ba.

Na ce, "Tsoho, wagga ba amaryata ba ce. Bari in mai da."

Ya matso da ido har hancinshi na taɓa gilashi. "Bar ta. Ta fi kyau. Haka take da."

"Ba haka take ba, jiya-jiya ka gan ta a ƙyauren kaji."

"Kai ka aure ta ko ni?"

Na ce ni, amma ba a ji ba. Na ajiye na asalin a gefe, na kai nashi wurin masu bugawa.

Ranar ratayawa tsoho ya sa rigar salla, ya ɗauki buzu, ni na bi shi da bash naɗe a kafaɗa. Ni na hau bedin, tururuwa sunka yi mini maraba. Da na sake shi ya warware, gaskiya ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Tsofaffi sunka taso. Wani tela ya ga mai gashin baki ya ce ai wannan fim ɗin a Gidan Idar ya gan shi, bai ga ƙarshe ba don ba su sayi sabulu ba. Mai shayi ya fara rera waƙar tallar maganin sauro, ya kai rabi ya manta, wani ya ƙarasa mishi. Ƴan kabu-kabu abokaina sunka tsaya suna nuna wandon tsoho suna riƙe ciki. Shi kuwa har ya fara shimfiɗa buzu.

Direban kamiyo kuwa ya ajiye kofi. Ya sa tabarau, ya matsa gaban yarinyar, ya daɗe. Sannan ya juyo.

"Alhaji, mota na yarda. Wando ma na yarda, ba mai ƙirƙiro wanga wando. Amma wagga wace ce?"

"Ita ce."

"Wadda na sani doka gare ta, da zane a kumatu, da wushirya. Wagga fuskarta kamar tangaran. Kuma irin wanga hijabi, a zamanin nan, a ina? Jikanka dai ya ɗauko ma wata daga cikin waya. Shi da ya sa ma kanshi zaki."

Dariyar ranar ta fi ta farko. Wani ya ce Rediyo ya zama talbijin. Tsoho ya naɗe buzun da bai ko zauna bisa ba, ya kama hanya. Ni kuma ya bar ni da hawan bedi karo na biyu.

Na iske shi tsakar gida shina jirana. Wai ni na kunyata shi. Wai ya ba ɗan da bai gama lakwal ba aikin masu ilimi. Na ce wa ya ce a sa kallabi, wa ya ce gyale, wa ya ce bar ta ta fi kyau? Murya ta hau murya har awaki sunka bar cin abinci. Mun manta da wadda anka ce kar ta ji, tana zaune ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale.

"Maigida," ta ce da ni, "wace ce anka sa ma gyale?"

Tsoho ya harare ni. Na duba hararar, na tuna hanyar Illela, na tuna zakara, na tuna tururuwa. Na warware bash ɗin gabanta.

Ta bi shi da kallo. Ta yi dariyar wandon. Da ta zo tsakiya ta ce, "Wagga ɗiyar wa?"

"Ke ce, amarya."

"Ni? Ina zanen ubana?"

Na ciro salula na nuna mata na asalin, da tsatsa da komi. Ta karɓa da hannu biyu, ta nisanta shi da ido yadda tsofaffi ke yi. Ta taɓa dokar da yatsa, hoton ya gusa, ta janye hannu da sauri. Ta ce wadda ta yi mata kitson nan ta daɗe da rasuwa, kuma kwana ta yi tana kukan zafinshi. Ta ce sabulun ma bai da kumfa. Sannan ta tambaye ni abin da ya faru a fada, na zayyana mata tun daga Rediyo har talbijin, ban rage ko gishiri ba.

Ta miƙe da salulata a hannu. Ta kakkaɓe zane, ta shiga ɗaki ta sako hijabinta, ta fito.

"Maigida, tada babur."

"Ina za ki?" in ji tsoho.

"Barka."

Ba wata barka. Tasha ta ce in kai ta. Tsoho ya biyo mu a ƙasa shina kiran sunana na yanka, wanda ban cika ji ba sai in ta ɓaci. Na yi tafiyar hawainiya don shi cim muna, ba don tausayi ba, so nike shi gani.

Ta sauka gindin bedi ta yi sallama. Tsofaffi sunka gyara zama, sunka rasa inda za su sa ido. Ta ce wane ne mai siminti. Direba ya ce ga shi, Hajiya. Ta miƙa mishi salulata da hoton asali, ta juya mishi kunci ɗaya, ta juya ɗayan, sannan ta yi mishi murmushi, wushirya ta fito.

Ya dubi waya, ya dube ta, ya ƙara duban waya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Hajiya, ashe ke ce kinka sa munka sha rana a Malbaza."

"Kun sayi sabulun dai?"

"Har wanda ba mu da buƙata."

Daidai nan tsoho ya iso shina haki. Direba ya tashi da kanshi ya ja nashi buzun gefe, ya share wurin da hannu, ya ce Alhaji bismilla, mai shayi a zuba ma Alhaji na farko. Tsoho ya zauna kamar sarkin da anka mai da ma sarauta, har ya fara cewa ai tun farko ya gaya musu.

Na ce to Alhamdu lillahi, na huta. Ina. Tela ya ce sai a sake buga bash ɗin da hoton gaskiya a rataya. Kakata ta ce haka za a yi, a cire mata kayan aro, a mai da mata zanenta da kitsonta. Kowa ya dube ni, ni ne dai bawan.

Tsoho ya ajiye kofi. "A mai da zane, na yarda. Wushirya ma. Amma kallabi shina nan."

"Ba kallabi a hoton."

"Hajiya, tasha ce nan. Duk wanda ya sauka mota sai shi ga kan matata?"

"Ba matarka ba ce lokacin, mai gyaɗa ce."

"Ko mi ce, ni ban yarda a yi ta kallon kanki ba."

Ta gyara hijabinta, ta dafa kafaɗata ta hau babur, sai da ta zauna daram sannan ta waiwayo.

"Alhaji, kan nan da kake ɓoyo, daga Konni har Illela kai ka yi tallarshi da lasifika."